Komai Ƙanƙantar Allura, Ƙarfe Ce

Jawabin da sakataren kwamitin ɗakin kwamfuta ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a Kafin Hausa



Malam Shugaban taro, iyayenmu malamai da suka sha wahalarmu, Shugaban makaranta na yanzu da ma'aikatansa, yayyenmu da suka riga mu fita, abokan ajina na 1994, da ƙannenmu, ina yi muku barka da zuwa da ban gajiyar hanya, musamman waɗanda suka yi sammako daga Kano da Kaduna da Abuja don kada a yi babu su.

Kamar yadda kuka sani, bara a wannan zaure muka tsayar da shawara kan abu biyu. Na farko, mu gyara ɗakin kwamfuta na makarantar nan, mu zuba masa kwamfutocin girke guda goma. Na biyu, mu tattara tsofaffin hotuna da muryoyi da takardun da ke hannun malamai da tsofaffin ɗalibai, mu adana su wuri ɗaya, tun da kowa ya ga abin da ambaliyar 2022 ta yi wa akwatunan mutane a nan Kafin Hausa da Auyo da Haɗejiya da sauran garuruwan bakin kogi. Akwai waɗanda ke zaune a nan da ba su da ko hoto ɗaya na zamanin makaranta, ruwa ya cinye.

To, da kwamiti ya kai takardar kasafi, sai Ma'aji, wanda tun muna aji ɗaya ba ya ba da aron biro sai da shaidu, ya zagaye layi biyu na ƙarshe da jan biro, ya rubuta a gefe cewa, "Mene ne wannan kuma?" Layukan nan su ne: kad-rida ta cikin kwamfuta guda biyu, da hob na USB mai wutar kansa guda biyu. Kuɗinsu gaba ɗaya bai kai na firinta ɗaya ba, amma Ma'aji yana da gaskiya, kuɗin jama'a ne, dole a yi bayani. Shi ya sa aka ce in tsaya a gabanku yau. Kuma tun kafin a tambaye ni, wannan kad-rida ba irin wadda hukumar zaɓe ta kawo mana a 2015 ba ce, ba ta duba yatsan kowa. Tamu katin memori take karantawa, irin wanda ke cikin wayoyinku da kyamarori.

Bari in ɗan koma baya, domin iyayenmu malamai su bi ni. Lokacin da muke nan, har aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a watan Agusta na 1991, ofishin makaranta tafireta yake da ita da injin sitensil, wanda ke shafa wa akawu baƙin tawada har gwiwar hannu duk lokacin jarrabawa. Ni ban taɓa kwamfuta da hannuna ba sai da na je Kano koyon aiki bayan mun gama. A lokacin, in kana son ɗaukar aiki daga wannan kwamfuta zuwa waccan, sai da faifan fulofi mai faɗin inci uku da rabi, wanda ke ɗaukar megabayit 1.44 kacal. Hoto ɗaya na wayar yau ba zai shiga cikinsa ba. Bayan kwamfutar kuwa cike yake da ramuka iri-iri, na firinta daban, na kibod daban, na maus daban, kowane da irin bakinsa.

Wannan rikici ne ya sa wasu kamfanoni bakwai, ciki har da Intel da Microsoft da IBM da Compaq, suka haɗu suka fito da kafa guda da kowace na'ura za ta iya shiga, suka sa mata suna USB. Ta farko ta fito a 1996. A shekarar 2000 aka fito da USB 2.0, mai gudun megabit 480 a sakan, sa'an nan a 2008 aka fito da USB 3.0, wadda a ƙa'ida ta ninka ta kusan sau goma. Galibi za ku gane ta uku da shuɗin launi a cikin bakinta. Ƙaramar nan mai baki kamar ƙwayar wake, wadda ake sokawa ta kowane gefe, wato USB-C, a 2014 ta zo.

Su ma katunan memori haka suka yi ta fitowa, kowane kamfani da nasa. SanDisk ya fito da CompactFlash a 1994, shekarar da muka bar makarantar nan. Sony ya fito da Memory Stick a 1998. A 1999 SanDisk da Panasonic da Toshiba suka haɗu kan katin SD, Olympus da Fujifilm kuma suka yi nasu mai suna xD a 2002. Ɗan mitsitsin nan na waya, microSD, wanda bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, a 2005 ya samu wannan suna. Yau katin giga 32 yana ɗauke da abin da fulofi sama da dubu ashirin za su ɗauka. Dalilin da ya sa na jero muku su shi ne, hotunan da muke nema ba a kati iri ɗaya suke ba. Wanda ya sayi kyamara a shekarun 2000 ya ɗauki bikin rabon kyaututtuka, watakila a Memory Stick ko xD hotunan suke, kyamarar ta mutu tuntuni, katin yana cikin aljihun tebur. Babu wayar da za ta karanta shi.

Nan ne kad-rida ta cikin kwamfuta ta shigo. Wani ɗan akwati ne mai tsaga-tsaga a fuska, kowace tsaga da irin katin da take karɓa. Ana zura shi ne a gurbin da fulofi ya bari a gaban kwamfutar girke, a ɗaure da sukurori, sa'an nan a haɗa wayarsa da madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfuta. A jikin madabod akwai wasu 'yan haƙora da aka tanada don haka: na USB 2.0 guda 9 ne, na USB 3.0 kuma 19. Abin da ya sa muka zaɓi ta ciki maimakon 'yar ƙaramar nan da ake sokawa daga waje, dalilai biyu ne. Na ɗaya, tana karɓar tsofaffin katuna da sababbi. Na biyu kuwa, duk wanda ya taɓa yin ɗalibta ya sani: a ɗakin da yara ɗari ke shiga a rana, abin da ya shiga aljihu yakan yi ƙafa. Wadda aka ɗaure da sukurori sai an kwance kwamfuta.

Amma akwai abin lura kafin a saya, kuma ina faɗa ne har ga waɗanda ke son sa wa kwamfutocinsu na gida ko na shago. Yawancin kwamfutocin da muke samu a titin Beirut a Kano ko a Ikeja ta Legas na gwanjo ne, waɗanda ofisoshin Turai da Amurka suka gama da su. Da yawa daga cikinsu sirara ne, ba su da gurbin fulofi a gaba, wasu kuma ba su da sauran haƙoran USB a madabod. Saboda haka a buɗe a duba tukuna. Cikin goma da za mu saya, mun ce biyu su zama manya masu gurbi. Sa'an nan mai haɗawa ya kula, a wasu tsofaffin madabod akwai haƙoran FireWire da suka yi kama da na USB kamar an tsaga kara, amma wutar da ke cikinsu ta fi ƙarfi. In aka yi kuskure aka soka a can, na'urar ƙonewa za ta yi. A karanta rubutun da ke gefen haƙoran. Haka kuma a tabbata kad-ridar ta zamani ce. Katin SD na asali iyakarsa giga 2, SDHC da ya zo a 2006 yana kaiwa giga 32, SDXC na 2009 kuma ya wuce haka nesa. Tsohuwar kad-rida ba ta gane sababbin, sai mutum ya ɗauka katinsa ne ya lalace.

Yanzu sai hob. Shi hob mahaɗa ce, ana soka shi a kafar USB ɗaya, ya ba da huɗu ko bakwai ko fiye. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu tura finafinai da waƙoƙi a waya, ko a kasuwar nan ko a Fam Santa a Kano, ya gan shi a kan tebur, wayoyi da katuna sun yi masa rassa. A ƙa'ida kwamfuta tana iya ɗaukar na'urori har 127 ta wannan hanya. To, amma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba shi ne, hob iri biyu ne. Akwai wanda ke shan wuta daga kafar kwamfutar, akwai kuma mai wutar kansa, wanda ko dai yana da adafta da ake sokawa a bango, ko kuwa, in na ciki ne, yana ɗebowa kai tsaye daga fawa-fak ɗin kwamfuta.

Mu 'yan fadama ne, misalin ba zai yi mana wuya ba. In kana da injin ban-ruwa ɗaya ka haɗa masa tiyo huɗu, ruwan bai ƙaru ba, rabuwa ya yi. Kafar USB 2.0 wutar da take bayarwa miliamfa 500 ce a kan bolt 5, ta USB 3.0 kuma 900. Kibod da maus ba su cin komai, ko su huɗu ne za su zauna lafiya. Amma babban faifan ajiya na waje, wanda ke juyawa a ciki, shi kaɗai yana iya neman fiye da abin da kafar USB 2.0 ke da shi, musamman lokacin da zai tashi. In ka ƙara masa waya mai neman caji a kan hob ɗin da ba shi da wutar kansa, sai kowa ya rasa. Haka ma gudu, duk abin da ke kan hob hanya ɗaya suke bi zuwa cikin kwamfuta. Kwashe cikakken katin giga 32 ta USB 2.0 yakan ci kusan minti ashirin, ta USB 3.0 da kati mai kyau kuwa bai fi minti bakwai ba, amma in kun jera huɗu a lokaci ɗaya, sai ku raba gudun.

Jama'a, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban koyi wannan a littafi ba, a kan amanar mutane na koye shi, kuma wannan ƙungiya tana da haƙƙin ta ji.

Kun san tun da aka kafa jami'ar jiha a garin nan a 2013, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sule Lamido, masu shagon kwamfuta irina muka samu aiki, buga takardu da ɗaurin furojet da sauransu. Wata rana a 2019, shago cike da ɗalibai, sai ga ɗan marigayi malaminmu na Hausa, Allah ya jiƙansa. Duk wanda ya zauna a ajinsa ya san yadda yake da tarihin makarantar nan a ka. Ashe a shekarunsa na ƙarshe ɗan nan nasa ya riƙa zaunar da shi da yamma yana naɗar muryarsa a waya, yana ba da labarin yadda aka fara, da malaman farko, da shekarar da ruwa ya raba ɗalibai da gidajensu har aka yi hutu a makaranta. Naɗi bakwai ne, da hotuna wajen ɗari biyu, duk a kan ɗan kati guda. Ya ce, "Yaya, ka kwashe mini su ka ajiye a wurinka, ina son in yi amfani da katin."

Na karɓa ina sauri. Na sa katin a 'yar kad-rida ta waje, na soka a wani hob mai arha da na saya don ya fi sauran sauƙi, wanda ba shi da wutar kansa. A kan hob ɗin nan kuma akwai babban faifaina na ajiya. Da yake ya ce yana son katin ya zama fanko, maimakon in kwafa, sai na ba da umarnin a ɗauke su gaba ɗaya, wato kwamfuta tana rubutawa a can tana gogewa a nan. Aiki ya yi rabi, sai yaron shagona ya ga kafa ɗaya a sake, ya soka wayar wani kwastoma don ta yi caji. Na ji faifan ya yi ƙas, ƙas, sai komai ya ɓace daga allo. Da na mayar da katin, kwamfuta ta ce ba ta san shi ba, sai an yi masa fomatin.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar, ban taɓa katin ba bayan haka. Na kwana biyu a kansa da wata manhaja ta kyauta mai suna PhotoRec, wadda ke bin kati lungu-lungu tana tsinto abin da ba a riga an rubuta wani a kansa ba. Hotuna kusan duk sun dawo. Cikin naɗi bakwai, biyar sun dawo. Biyu ba su dawo ba har yau, kuma ɗan Malam ya ce a ɗaya daga cikinsu ne mahaifinsa ya jero sunayen ɗaliban farko da garuruwansu, ɗaya bayan ɗaya. Yaron nan bai ce mini komai ba sai "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Bambancin kuɗin hob ɗin da na saya da mai wutar kansa, a lokacin, bai kai kuɗin motar zuwa Kano da dawowa ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Saboda haka, ga ƙa'idojin da kwamiti ya tsara wa aikin tattara hotunanmu, kuma za su amfani kowa a gidansa.

Na farko, duk katin da aka kawo za a kulle shi kafin a sa. A gefen katin SD akwai wani ɗan maɓalli da ake turawa ƙasa, in an tura shi, kad-rida mai kyau ba za ta bari a rubuta ko a goge komai ba. Ɗan ƙaramin na waya ba shi da maɓallin, amma gidan da ake zura shi a ciki ya zama babba yana da shi. Wannan kuma yana kare katin daga ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu, wadda duk wanda ya taɓa kai filash shagon kwamfuta ya san ta.

Na biyu, kwafa za a yi, ba ɗaukewa ba. Sai an buɗe abin da aka kwafa an ga yana aiki. Goge kati kuwa aikin mai shi ne, ba namu ba.

Na uku, kati ta kad-ridar ciki zai shiga, babban faifai kuma ko dai a kafar bayan kwamfuta kai tsaye, ko a kan hob mai wutar kansa. Ba a cajin waya a kwamfutar ajiya, ko wayar Shugaban ƙungiya ce. Kwamfutocin nan biyu kuma za su zauna a kan UPS, don kun san halin wutarmu.

Na huɗu, ba a fizge kati. Sai an ba da umarnin Eject a kan katin kansa, an ga 'yar fitilar ta daina ƙiftawa. A kula kada a ba da umarnin cire kad-ridar gaba ɗaya, domin wasu na ciki in an yi haka ba sa dawowa sai an kashe kwamfuta an kunna.

Na biyar, kati buhu ne na ɗaukar kaya, kada a mayar da shi rumbu. Abin da ke cikinsa ɗan caji ne aka tsare, kuma in ya shekara da shekaru a ajiye yana iya zubewa. Ga kuma na jabu da suka cika kasuwa, a rubuta giga 64 alhali cikinsa bai kai 8 ba, yana ta karɓa yana zubarwa, ba ka sani sai ranar da ka nema. Don haka duk abin da muka tattara zai zauna a wuri uku: a kwamfutar makaranta, a faifai guda da za a ajiye a wani gari da ruwa ba ya kaiwa, da kuma a intanet.

Na ƙarshe, a riƙa rufe kwamfutocin da ƙyalle in an tashi. Ƙurar hunturu tana cika tsagogin kad-rida, kuma na sha buɗe wadda aka ce ta lalace in tarar zanzaro ne ya yi gini a ciki.

Malam Ma'aji, wannan ita ce amsar tambayarka. Kwamfutoci goma za su koya wa ƙannenmu aiki, amma duk hoton da za a ceto, da duk muryar malamin da ta rage a wani aljihun tebur, ta waɗannan ƙananan abubuwa biyu za su shigo. Ina roƙon wannan taro ya bar layukan nan yadda suke, kuma kada wani mai son taimako ya je ya sayo mana masu arha a madadinsu.

Roƙona na biyu ga kowa ne. In kun koma gida, ku bincika akwatuna da tsofaffin wayoyi da kyamarorin da suka mutu. Ku tambayi iyalan abokanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Duk katin da aka samu, kowane iri ne, a kawo shi ofishin ƙungiya, za a rubuta sunan mai shi, a kwafa a gabansa, a mayar masa a ranar. Masu hotunan takarda su ma su kawo, akwai sikana a cikin kasafin, ita Ma'aji bai zagaye ta ba. Iyayenmu malamai kuwa da ke zaune a sahun gaba, ku yi mana haƙuri, za mu biyo ku gida ɗaya bayan ɗaya da abin naɗar murya. Musamman muna neman wanda zai iya tuna sunayen ɗaliban farko da garuruwansu, ko da rabi ne, domin bashi ne a kaina.

Naɗin nan biyar na Malam, da izinin iyalinsa, su ne za mu fara sawa a ma'ajiyar. Wanda ke son ji, bayan an ci abinci ya same ni a tsohon ajinmu na kusa da bishiyar maina.